Tabilet ko littafi? Amsa ga shugaban iyayen yara na wata makaranta a Garwa

Ga tambayar a taƙaice. Mai tambaya shi ne shugaban ƙungiyar iyayen yara, wato APEE, ta wata makarantar firamare ta gwamnati a Garwa da ke arewacin Kamaru, mai yara kusan 600. Wani ɗan unguwa da ke kasuwanci a Duwala ya aiko musu gudummawar sefa miliyan 3, ya ce a yi wa karatun yara abin da ya dace. Kwamiti ya rabu biyu. Matasa sun ce tabilet za a saya, zamani ya wuce takarda. Dattawa sun ce littattafai. An yi zama uku ba a tsayar da magana ba.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka wa wannan bawan Allah da alheri, ya ƙara masa buɗi.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba, littattafai za ku saya. Sai dai in na tsaya a nan na cuce ka, domin a shekarun da na yi ina riƙe da alli, da waɗanda na yi daga baya ina zagayen duba makarantu tsakanin Benuwe da Mayo-Luti, na ga kuɗin littafi ya salwanta kamar yadda na ga kuɗin na'ura ya salwanta. Dattawanku sun yi gaskiya, amma rabinta suka faɗa. Ka yi haƙuri da tsawon bayanin.

Mu fara da lissafi, tun da kuɗi ne a gabanku. Mu ƙaddara kun sami tabilet mai ɗan ƙwari a kan sefa 60,000. Miliyan 3 za ta ba ku guda 50. Raba wa yara 600, ɗaya ta faɗa wa yara 12. Da na yi wannan lissafin sai da na yi murmushi, don na san adadin nan. Wata takarda da hukumar UNESCO ta fitar a 2016 ta nuna cewa a Kamaru, a shekarar 2012, littafin koyon karatu ɗaya yara 12 ke rabawa a aji na biyu, na lissafi kuma yara 14. Wato za ku kashe kuɗin duka ku sake gina wa yaranku ƙarancin da ake kuka da shi, sai dai wannan karon da gilashi. Kuma ban sa kuɗin sola da batir ba, ban sa ɗaki mai ƙofar ƙarfe ba, ban sa maigadi ba. Yanzu juya wancan gefen. Ko da mun ƙaddara kowane littafi sefa 2,000 ne, in yaran SIL da CP da CE1, wato aji ɗaya zuwa uku, sun kai 350, kowa ya sami na karatu da na lissafi nasa na kansa, littafi 700 ke nan, sefa miliyan 1 da dubu 400. Fiye da rabin kuɗin na nan a hannunku.

Sannan ga garin da muke ciki. Kai ka san Garwa a watan Maris da Afrilu, zafi ya haura maki 40, aji kuma rufin kwano ne. Batir ba ya son haka, kumbura yake. Ƙurar hunturu tana shiga ramin caji ta toshe shi. Wutar da lardunan Arewa uku suka dogara da ita shekara da shekaru daga madatsar Lagdo take, mai megawat 72, wadda ta fara aiki tun farkon shekarun 1980, kuma idan ruwa ya ja baya da rani dole a riƙa raba wutar unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage zafin abin, amma ka tambayi kanka ko ajujuwanku ma akwai waya a bango. Na taɓa shiga wata makaranta da aka yi wa kyautar kwamfutoci, aka yi biki har da kaɗe-kaɗe. Bayan shekara biyu na roƙi a buɗe mini ɗakin. Sai da aka aika gida neman makulli. Muka tarar da su a rufe da zannuwa, zanzaro ya yi gini a bayan guda biyu. Ba wanda ya saci komai, ba wanda ya ɓata komai. Malamin da ya iya su ne aka yi wa canjin wurin aiki, shi ke nan.

Matasanku za su ce ai wannan sakaci ne na mutum ɗaya. To, su dubi babban gwajin da ƙasarmu ta yi da kanta. Daga ƙarshen 2017 aka fara raba wa ɗaliban jami'a kwamfutoci 500,000, waɗanda ake kira PB Hev, cikin wani shiri na sefa biliyan 75 da aka ranto daga ƙasar Sin, wanda ya haɗa da gina cibiyoyin na'ura a jami'o'i. Waɗannan fa manya ne, sun iya karatu, sun san abin da suke nema. Kowa a cikin kwamitinku yana da ƙane ko ɗa da ya yi jami'ar Marwa ko ta Ngaundere a lokacin. Ku kira shi ku tambaye shi ina tasa, kuma shekara nawa ta yi masa aiki. Ba ina cewa ba wanda ya amfana ba ne, wasu sun rubuta kundin kammala karatunsu da ita. Ina cewa ne raba na'ura abu ɗaya ne, ƙaruwar ilimi abu ne daban.

A waje ma an gwada. Ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare ƙananan kwamfutoci dubu ɗaruruwa, mafi yawa a ƙauyuka. Binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar a 2012 ya tarar yaran sun iya sarrafa na'urar sosai, amma a karatu da lissafi ba su fi waɗanda ba a ba su ba. Suwidin, wadda ba ta da matsalar wuta ko ta kuɗi, a 2023 ta ware kuɗi don mayar da littafin takarda ajujuwan ƙananan yara bayan ta yi shekaru tana tura su ga allon gilashi. Amma wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Kenya. A yankin Kisumu an gwada hanya uku a lokaci guda: a wasu makarantu aka ba yara na'urar karatu, a wasu aka ba malamai tabilet, a wasu kuma masu zagayen taimaka wa malamai kaɗai aka ba tabilet. Duka ukun suna da littafi da horon malamai. Sakamakon bai bambanta sosai ba, kuɗin ne ya bambanta, ba wa yara na'ura ya fi tsada nesa ba kusa ba. Da Kenya ta tashi faɗaɗa shirin karatun ga ƙasa duka a 2015, sai ta ɗauki mai arahar: littafi a hannun kowane yaro, jagora a hannun malami, tabilet a hannun mai zagaye. Ka riƙe wannan, zan dawo gare shi.

Yanzu bari in juya kan dattawa, kada su yi saurin tafi.

A yammacin Kenya ɗin dai, tun shekarun 1990, wasu masana tattalin arziki, cikinsu da Michael Kremer wanda ya sami kyautar Nobel a 2019, sun raba littattafai a makarantun karkara suka bi sawu. Abin da suka gani ya ba su mamaki: yaran da dama can su ne kan gaba a aji su kaɗai suka ƙaru. Sauran ko gezau. Dalili kuwa, littattafan da Ingilishi aka rubuta su, harshe na uku ga yawancin yaran, kuma an rubuta su ne don yaron da ya riga ya iya karatu. Wannan labarin namu ne, sunan ƙasa kawai aka canja. Ɗanka yana tashi da Hausa a gida, yana fita layi ya kama Fulatanci, da asuba yana tsangaya da baƙaƙen Larabci. Ranar da ya shiga SIL sai metir, wato malamin aji, ya tare shi da Faransanci, harshen da bai taɓa yin mafarki da shi ba. Ana so ya koyi abu biyu a lokaci ɗaya: cewa waɗannan zane-zanen sauti ne, da kuma ma'anar sautin a bakin da ba nasa ba. Yaro mai kaifin hadda sai ya sami mafita. Ya haddace shafin. Ka nuna masa hoto ya rera maka jimlar duka ba tuntuɓe, ka rufe hoton ka nuna kalma ɗaya ya yi tsuru-tsuru. Haka yake tafiya aji-aji har CM2, wato aji shida, sai jarrabawar kammala firamare ta CEP ta tona asiri. Babban Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa a Afirka kudu da Sahara kusan yara 9 cikin 10 ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi a shekara 10 da haihuwa. Yawancin yaran nan suna zuwa makaranta kullum.

Shi ya sa kafin ku fitar da ko dala, ina so ku yi wani abu da ba ya cin kuɗi. Ka nemi izinin direkta, wato shugaban makarantar, ku zaɓi yara 10 daga CE2, aji huɗu ke nan, 10 daga CM1, aji biyar, ba waɗanda malami zai zaɓo muku ba, ku bi rajista ku ɗauki kowane na biyar. A ba kowannensu layi huɗu daga littafin CP wanda bai taɓa gani ba, ya karanta, a yi masa tambaya ɗaya da Hausa ko Fulatanci a kan abin da ya karanta. Ku rubuta: wannan bai san baƙaƙe ba, wannan yana haɗa gaɓa, wannan yana karanta kalma, wannan yana karanta labari. Ku kai takardar nan zaman kwamiti na huɗu. Ina tsammanin gardamar za ta canja fuska.

Abin da za a yi da sakamakon kuwa, mu Hausawa bai kamata a koya mana shi daga waje ba. Dubi makarantar allo. Almajiri 40 a zaure ɗaya, kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Malam ba ya cewa duk wanda ya shekara takwas ya koma izu kaza. Ba ka wanke allo sai ka biya, ba a yi maka ƙari sai na baya ya zauna. Boko ce ta zo da tsarin tafiya da shekaru, kowa ya wuce ko ya iya ko bai iya ba. Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta yi suna a duniya da wannan dabarar: a ware sa'a ɗaya ko biyu a rana, a raba yara bisa inda karatunsu ya tsaya, ba bisa ajinsu ba, a koya wa kowane rukuni abin da ke gabansa. An gwada ta sau da yawa, tana aiki, yanzu ƙasashen Afirka da dama sun ɗauka. A cikin duk sababbin abubuwan da ake yayi a harkar ilimi, wannan na fi ba wa amana, kuma ba ta buƙatar soket. Tana buƙatar malami da zai tsaya bayan an tashi. Na san makarantarku ba za ta rasa malaman iyaye ba, waɗanda ku kuke biya daga kuɗin APEE, wani lokaci a makare. Kada ku mai da gudummawar nan albashi, za ta ƙare a bar ku da rigima. Amma ku ware wani kaso a matsayin ladan wannan sa'ar ta ƙari, na shekara guda, a rubuce.

Maganar harshe tana da ƙofa a doka, mutane ne ba su sani ba. Dokar tsarin ilimi ta watan Afrilu 1998 ta ambaci raya harsunan ƙasa, kuma manhajar firamare da aka sabunta a 2018 ta ba harsuna da al'adun ƙasa gurbi a jadawali. Tun 1981 marigayi Farfesa Maurice Tadadjeu ya fara gwajin koyar da yara da harshen uwa kafin a tsallaka da su zuwa Faransanci ko Ingilishi, daga baya wani shirin koyarwa da harsunan gida mai suna ELAN ya shigo da Fulatanci cikin wasu makarantun gwaji. Hausa ba ta cikin harsunan wannan shirin a nan, amma mu muna da gatan da wasu ba su da shi: a tsallaken iyaka an buga littattafan koyon karatu da Hausa masu yawa don makarantun Bauci da Sakkwato da Katsina da Zamfara, kuma a intanet akwai rumbuna irin African Storybook da Bloom da ke da ƙananan labarai na Hausa kyauta, an yarda a sauke a buga. Gargaɗi biyu. Na ɗaya, ajinku ba na Hausawa kaɗai ba ne, akwai Fulani da Fali da Gidar da Mundang da Tupuri, kada ku jawo wa kanku maganar wariya. Ku yi shi a matsayin karatun yamma ko na Asabar, wanda yake so ya zo, ku nemo na Fulatanci ku haɗa. Na biyu, malami ya san inda baƙaƙen suka saɓa: c ta Hausa ba ita ce ta Faransanci ba, haka u. Wannan ƙaramin abu ne. Yaron da ya gane cewa baƙi sauti ne, ya gane har abada, sauran gyara ne.

Sai sayen littafin kansa, inda 'yan kasuwa ke jiran ku. Kafin 2017 kowace makaranta da jerinta, littafi yana canjawa kusan kowace shekara, uba ba ya iya gadar wa ƙane littafin wa. A watan Nuwamba na shekarar, firaminista na lokacin, Philemon Yang, ya fitar da umarnin littafi ɗaya ga kowane darasi a kowane aji a ƙasa duka, wanda majalisar tantance littattafan makaranta ke zaɓa, kuma ya zauna shekara shida. Wannan ya sauke farashi, ya kuma ba kamfanonin gida irin su Afrédit da NMI da Cosmos fili a kasuwar da kamfanonin Faransa suka daɗe suna riƙe da ita. Amfaninsa gare ku shi ne jerin hukuma yana fitowa da sunan littafi da kamfani da farashi. Ku riƙe shi a hannu ku je kanti. Ku tambayi insifekta shekarar da littafin kowane aji ya shiga jerin, kada ku zuba kuɗi a kan wanda saura masa shekara ɗaya a sauke shi. Ku yi hattara da na jabu, suna da yawa: takarda shara-shara, hoto ya dushe, wani shafin ma babu shi, manne yana sakin ganye tun kafin hutun farko. Na hannu da ake shimfiɗawa a bakin titi ba laifi ba ne ga uba mai yaro ɗaya, amma ku masu sayen ɗaruruwa ku nemi wakilin kamfani da rasit. Kuma ku yi oda da wuri. Kaya daga Duwala yake tasowa, ya hau jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Ngaundere, sannan ya gangaro mana, ga damina ga hanya. Wanda ya jira Satumba zai ga littafinsa a Nuwamba.

Tun kafin oda ma, ka ce wa direkta, cikin ladabi, ya buɗe maka kabad. Ƙarƙashin shirin gyaran ilimi na PAREC da Babban Bankin Duniya ke tallafawa an raba wa makarantun gwamnati littattafai kyauta a 'yan shekarun nan. Wataƙila wasu na nan a ɗaure cikin kwali. Kada ka zarge shi. An sa shi ya sa hannu a kan adadi, yana tsoron ranar da za a zo ƙirga a tarar sun ragu, kuma bai san ko za a sake kawo wasu ba. An ga irin wannan a Saliyo, inda bincike ya tarar littattafan da aka raba suna ajiye ba su kai hannun yara ba, saboda shugabannin makarantu ba su da tabbacin za a sake aiko wasu. Ni kaina na sha tarar da littafi fes a kabad, yara kuma suna kwafe daga allo. Maganin shi ne ku ɗauke masa tsoron. Ku rubuta yarjejeniya cewa littafin da ya yage a hannun yaro APEE ce za ta maye shi. A buga wa kowanne hatimi da lamba, uwa ko uba ya sa hannu, a naɗe bango da takardar buhun siminti ko leda mai kauri, a bar yaro ya tafi da shi gida. Eh, wasu za su dawo da miya a jiki. Ku sa asarar kashi ɗaya cikin goma a lissafinku tun yanzu, ku huta.

To, na'ura fa, ba ta da wuri ke nan? Tana da shi, a hannun malami, kamar yadda Kenya ta gano. Da ragowar kuɗin, ni zan sayi faifan sola da batir da za su riƙe ofis, kwamfuta ɗaya mai ƙwari, firinta mai tankin tawada wadda ake samun tawadarta a kasuwar Garwa, da lasifika ƙarama mai caji guda biyu ko uku. Firintar nan ita ce za ta fi kowa aiki: labaran Hausa da Fulatanci, takardun gwaji, katunan baƙaƙe, duk daga gare ta. Lasifika kuma don yara su ji Faransanci daga baki fiye da ɗaya, da waƙoƙi da labarai da aka zuba a memori. Akwai manhajoji irin Kiwix da Kolibri da ke aiki ba intanet, a zuba sau ɗaya malamai su yi ta duba darasi. Ka tuna 2020, da aka rufe makarantu a watan Maris saboda korona aka koma darasi ta talabijin ɗin CRTV. Yaro nawa a unguwarku ya bi shi? Wanda ke da talabijin ba wuta, mai wuta kuma ba wanda zai zauna da shi ya fassara masa. Darasin nesa da ma'aikatar sakandare ta ci gaba da shi yana da amfani ga ɗan sakandare mai shirin jarrabawar BEPC ko Bak, wanda ya riga ya iya karatu. Ɗan SIL mutum yake buƙata a gabansa.

Matasan za su tayar da maganar ƙirƙirarriyar basira, irin ChatGPT. Malami zai iya sa ta tsara masa tambayoyin lissafi ashirin cikin minti ɗaya, wannan taimako ne. Amma ya karanta kafin ya buga, musamman in da Hausa ko Fulatanci ne, don takan yi kuskure da cikakkiyar gadara. Kuma waɗannan matasan kada ku kore su da gardama, ku ɗaura musu aiki. Biyu daga cikinsu su riƙe kwamfutar da firintar, su koya wa malamai aƙalla uku, saboda ranar da aka ɗauke ɗaya kada ɗakin ya koma na zanzaro.

Saura mai kyautar. Na san abin da ke ranka ko ba ka faɗa ba: tabilet tana kyau a hoto, kwalin littafi ba ya yi, kuma kuna so ya sake aikowa. Ku kira shi kafin ku sayi komai, ku karanta masa sakamakon yaran nan 20. Ku nemi izininsa a buga sunan mahaifinsa ko mahaifiyarsa a cikin bangon kowane littafi, da roƙon addu'a ga wanda ya karanta. A ƙarshen shekara ku sake gwada yaran nan dai, ku ɗauki muryar ɗaya daga cikin waɗanda da ba su san baƙaƙe ba yana karanta labari, ku tura masa ta WhatsApp.